Ga ɗan'uwan da ya ce sabon Dakta ya fitar masa da shirin daga rai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun bayan la'asar na ga tambayarka ina kasuwa, na ce wannan ba amsar tsaye ba ce, sai na koma gida na zauna. Ka ce yanzu a kallon Doctor Who, shirin nan na Birtaniya da ake sauya mai fitowa a matsayin jaruminsa Dakta lokaci-lokaci, ka iso kan Ncuti Gatwa, ka kalli kashi biyu ko uku ka ji abin bai shige ka ba, da ka faɗa a majalisarku aka yi maka ca, har wani ya ce baƙar fata ɗan'uwanka kake yi wa hassada. Kana tambaya ka daure ko ka haƙura da Doctor Who ɗin gaba ɗaya.

Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Bambancin kawai, ni nawa a kan Peter Capaldi, wani Daktan baya, ya faru, kuma ni har aboki na rasa.

Ni a cikin Daktocin, masoyin Matt Smith ne, duk wanda ya daɗe a zauren nan ya sani. Da David Tennant na fara, a faifan sidi da nake sayowa a Sabon Gari, irin wanda ake cusa zango guda a faifai ɗaya hoton ya yi dishi-dishi, amma Smith ne ya kama ni. Shekararsa 26 aka sanar da shi, mutane suka yi ta cewa yaro ne, ni kuwa ranar da na gan shi da jar dara a ka yana ta shirme na ce shi ke nan, wannan namu ne. Har dara na je na saya a Kurmi. Kar ku yi dariya, tana nan har yau, yara sun mayar da ita wurin ajiye kwalli.

To a lokacin muna da wani aboki, ba zan kama suna ba, mutum biyu a nan sun san shi. A shagonsa muke kallo saboda shi ke da kwamfuta da ƙaramin inji. Mu shida ne, kowa ya kawo na mai. Muka haɗa kuɗi ni da shi muka sayi babban faifan ajiya mai gig 500, rabi da rabi, kuma Allah shaida ne nawa kuɗin ya ɗara nasa, don shi sai da ya ce a biyo shi bashin cikon. A ciki muke tara komai. Ni har hotunan gidanmu na zuba, saboda wayata ta lokacin ba ta da wuri.

Ranar 4 ga Agusta 2013 aka sanar da Peter Capaldi, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Bayan shan ruwa na duba waya na ga dattijo mai furfura, shekara 55. Kunun ma ban ƙarasa ba. Na hau Facebook na rubuta abin da na rubuta, na ce sun kashe shiri, na ce wannan kamar a ɗauko hedimasta a ce shi zai ja wasan yara. Shekara guda ina wannan mita kafin ma mutumin ya buɗe baki.

Da kashin farko nasa ya fito, a Agustan 2014, muka taru a shagon ana yayyafi. Kun tuna shi, mai dainaso a tsakiyar Landan, doguwa ce fiye da sa'a guda. Kwafin da muka samu babu rubutun ƙasa, ga ƙarar inji a bakin ƙofa, ga harshen Capaldi na mutanen Sikotland kamar yana tauna tsakuwa. Ban fi minti ashirin ba na ce ni fa wannan tsohon ba Dakta ba ne, na miƙe zan sa takalmi. Sai abokin nan nawa ya tsayar da fim ɗin. Ya tsayar fa, don kowa ya ji. Ya ce, "Ku ƙyale shi, ba tsohon ne matsalarsa ba, Turancin ne ba ya ji. Da can ma tsalle-tsallen yake kallo."

Aka kwashe da dariya. Har da wani yaro ƙanen matar yayansa da ko kuɗin mai ba ya bayarwa.

Ɗan'uwa, mutumin nan ya san sau biyu na sake zama jarrabawar gama sakandare saboda Turanci. Shi na fara gaya wa ranar da sakamakon ya fito, a bakin masallacin unguwarmu, ina ɓoye ido. Abin da na ba shi amana shi ya ɗauko ya buga min a gaban mutane saboda wani Bature da bai san da zamanmu ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, na rasa abin faɗa. Da na sami baki sai na ce a ba ni faifaina. Ya ce wane faifan, ai na tarayya ne, in je in dawo idan na huce. Na fita cikin ruwan nan ban ko tsaya neman Adaidaita ba, da ƙafa na tafi har gida, rigata ta manne a jiki, ina ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi. Kun san yadda amsa mai kyau take zuwa bayan an watse.

Bayan sati uku na aika ƙanena ya karɓo. Ya ba shi. Na kai wurin wani mai kwamfuta na buɗe, babu komai nawa a ciki. Zangon Smith guda uku, babu. Hotuna, babu. Wai wuri ne ya cike masa yana son zuba wasu fina-finai, ya ɗauka ina da su a wani wajen. Bai tambaye ni ba, ko filashin bai yi min ba. A cikin hotunan nan akwai na bikin yayata, akwai na ranar da Baba ya dawo daga aikin Hajji yana zaune a tabarma da jikoki a jikinsa yana raba musu dabino. A lokacin haushin fim ɗin ma ya fi damuna, Allah Ya yafe min. Sai da Baba ya rasu a farkon 2016, Hajiya ta ce wai ina hotunan nan da ka ɗauka, sannan na san abin da aka yi min. Na kai faifan wurin masu gyara har uku a Farm Centre, kowa ya ce an riga an rubuta wani abu a kai. Ɗaurin aurensa ban je ba. Shi ya zo ta'aziyya, muka gaisa kamar baƙi, ya yi addu'a ya tashi. Har yau bai taɓa buɗe baki ya ce yi haƙuri ba, kuma wannan ce take ci na, ba hotunan kaɗai ba.

Kai, na yi nisa. Mu koma kan tambayarka.

Bayan rasuwar barci ya ƙaurace min, sai na karɓo zangon Capaldi biyu don in rage dare, da niyyar in ƙara tabbatar wa kaina cewa ina da gaskiya. Wannan karon da rubutun ƙasa, da abin ji a kunne. Abu na farko da ya ba ni kunya: a ƙarshen wancan kashin da na fice na bari, Smith da kansa yana bugo wa Clara, abokiyar tafiyar Dakta, waya yana roƙonta kar ta guji sabon, shi ne dai, kuma a tsorace yake. Wato masu shirin sun san da irina, sun ajiye mana saƙo, ni kuma na tafi kafin ya iso. Sai na zo kan kashin nan na 2015 da yake shi kaɗai a cikin gidan sarauta bayan mutuwar Clara, yana naushin bangon da ya fi lu'ulu'u tauri, ya mutu ya dawo ya sake naushi, sama da shekara biliyan huɗu. Ƙarfe ukun dare na kalle shi, kwana arba'in ɗin Baba ba su daɗe da wucewa ba. Na kifa kwamfutar na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Yau idan ka tambaye ni, Capaldi ne na ɗaya a wurina, tsohon da na yi shekara uku ina zagi.

Shi ya sa nake ce maka abin da kake ji yanzu ba hukunci ba ne a kan Gatwa, kewa ce. Kai ma abin ya haɗe maka, don an dawo maka da Tennant kashi uku a 2023 na cikar shirin shekara 60, ka sake sabawa, aka sake ƙwace shi. Wa zai zo bayan wannan a karɓe shi da guɗa? Ko a nan gida, da Fati Washa ta karɓi Sumayya daga hannun Nafisat Abdullahi a Labarina, matata sai da ta yi sati biyu tana yajin kallo, alhali tana laɓe tana tambayar maƙwabta me ya faru. Mu kuwa namu shirin a kan canjin aka gina shi. Tun 1966, da rashin lafiya ta hana William Hartnell, Dakta na farko, ci gaba, aka ƙirƙiro rikiɗar nan da Dakta ke sauya jiki da fuska aka kawo Patrick Troughton, ba don haka ba da shekara uku kawai zai yi a manta da shi. Kuma Hartnell ɗin ma 55 gare shi da ya fara, daidai da Capaldi da nake kira tsoho.

Ba zan yi maka ƙarya ba, farkon Gatwa da rauni. Jarirai masu magana a sararin samaniya da dodon da aka yi da majina, haba don Allah. Ni ma na dafe kai. Amma wa ya rubuta dodon majina? Russell T Davies ne, wanda ya farfaɗo da shirin a 2005, wanda ya rubuta wa Tennant ɗin da kake kewa. Shi Gatwa an ba shi takarda ne ya karanta. Haka aka yi wa Jodie Whittaker, macen da ta fito a Dakta bayan Capaldi, aka ɗora mata laifin rubutun da ba ita ta yi ba, ni dai a ganina ba a taɓa ba ta labarin da ya kai ta ba. A kanta ban ce uffan ba a lokacin, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake.

Ka daure ka kai kashin da ya taka nakiya a filin yaƙi, na uku a zangon 2024, Steven Moffat ne ya rubuta. Kusan duk kashin yana tsaye wuri ɗaya, ƙafa ɗaya a kan abin, ba tsalle ba gudu, fuska da murya kawai. Idan ka gama shi ba ka ji komai ba, to ka zo mu yi magana. Sannan ka yi masa adalci a lissafi: Tennant kashi 13 yake samu a zango, shi 8 aka ba shi, a cikinsu ma akwai biyu da da ƙyar ake ganinsa saboda bai gama ɗaukar wani shirin ba. Yaushe za a saba? Abin da ni ya fi damuna shi ne kuka ya yi yawa, kusan kowane kashi sai hawaye, har ya daina taɓa ni, da kuma canjin kaya kullum. Dakta ai da kayansa ake gane shi, ko daga nesa. Wannan ra'ayina ne, wani zai ce shi abin da ya burge shi ke nan.

Kuma ka nemi mai rubutun ƙasa, kar ka ji kunyar kowa. Kada ka kalla a majalisa tukuna, ka kalla kai kaɗai, don a cikin mutane ba fim kake kallo ba, maganarka ta jiya kake karewa. Idan akwai yara a gida ka fara dubawa kafin ka kunna musu, akwai wuraren da ni wucewa nake yi, kun gane. Hotunanka kuma, don girman Allah, kar ka ajiye su wuri ɗaya, kar ka ajiye a kayan tarayya. Wannan ba ta shafi tambayarka ba amma ka riƙe.

Shi kuma wanda ya ce maka hassadar baƙar fata kake, bai kyauta ba. Akwai masu ƙin yaron saboda fatarsa, mun gansu a intanet tun ranar da aka sanar da shi a Mayun 2022, amma ba kowa ne ya ce fim bai yi masa ba ya zama su. Ni ina alfahari da shi: an haife shi a Kigali a 1992, iyayensa suka gudu da shi daga kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994, ya tashi a Sikotland, ya zo ya riƙe makullin TARDIS, jirgin Dakta mai ratsa zamani. Sunan ma Shuti ake faɗa, mu nan mun yi ta ce masa Nkuti. Alfahari daban, daɗin kallo daban. Sai dai kar ka biye masa a gaban mutane. Ka same shi shi kaɗai ka ce maganar nan ta yi min zafi, tun kafin ta kwana ta yi tsami. Ni da na yi haka washegari, wataƙila da faifan yana hannuna kafin a goge.

Ba zan tona maka abin da ke gaba ba, masu yin haka a zauren nan admin ya kamata ya fara cire su. Abu ɗaya kawai zan ɗanɗana maka: a zango na biyu nasa akwai kashin da aka kafa labarinsa a shagon aski a Legas, wanda ya rubuta shi Inua Ellams haifaffen Jos ne. Ko don wannan ka kai can. Ni da ɗana muka kalla, ya ce Abba ai wannan irin shagon da kake kai ni ne.

In kana kusa da Kabuga ka yi min magana ta gefe, ka zo da filash ɗinka da daddare bayan isha'i. Wancan abokin nawa kuwa, kwanaki wani ya ce min shi ma ba ya son Gatwa, wai kukan ya yi yawa. Lambarsa tana nan a wayata, ban goge ba, ban dai kira ba.