Amsa: Sunan alade a harsunan Sikandinabiya

Malam, ka tambaya me ya sa ƴan Suwidin ke cewa "gris", wani lokaci kuma "svin". Duka biyun daidai ne, haka ma a Denmak da Nowe.

"Svin" ce tsohuwa, asalinsu ɗaya da "Schwein" ta Jamusanci, da "swine" ta Ingilishi, har da "sus" ta Latin. Ita kuwa "gris", a tsohon harshen Nos, wato harshen mutanen Sikandinabiya na da, "gríss" ɗan alade kawai take nufi, daga baya ta haɗe har babban. A Aisilan ba a canza ba, "grís" ƙarami ne, "svín" babba. Ƴan Baikin ma, wato mayaƙan teku na Sikandinabiya na da, sun kai kalmar "gríss" Sikotlan, ta zama "grice".

Amma fa kada ka ce wa mutum "svin", zagi ne.