Me ya sa wani rini yake kamawa, wani yake zuba?

Abu biyu ka tambaye ni. Ka ce ɗaliban jami'ar Marwa da suka zo marina ɗaukar hoto sun gaya maka wai aikinmu "nano" ne, kai kuwa ba ka gane ba. Sannan kana son sanin dalilin da ya sa zanen da ka tsoma sau ɗaya a ruwan rini mai ƙarfi ya yi duhu amma yana zuba a hannu, alhali wanda aka yi ta tsomawa ana fitarwa bai zuba ba. To ɗana, amsarsu guda ce.

Nanomita awo ne. Ka kasa milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000, ƙwayar shuni guda kuwa da ƙyar ta wuce nanomita ɗaya. Yaran gaskiya suka faɗa, da irin wannan ƙanƙanta muke aiki, sai dai mu da yatsa da hanci muke aunawa.

Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ka dama shi a ƙwarya har gobe, ƙasa zai kwanta. Masu narkar da shi wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zuwa tare da ganyen baba. Suna cin ganyen, su ƙarar da iskar da ke cikin ruwan, su juya shunin ya koma wata siffa mai narkewa. Ruwan toka ne ke gyara musu wurin zama. Shi ya sa in ka ture kumfar karofi mai rai, za ka ga ruwan ƙasa ɗanyen kore ne mai ratsin rawaya. A wannan siffar kaɗai yake ratsa zaren auduga. Da ka ɗaga zane ya sha iska, sai shunin ya koma yadda yake, ƙwayoyin su dunƙule a cikin zaren, kamar kabewar da ta girma cikin tulu, ba ta da ƙofar fita.

Nan ne kuskurenka yake. Ruwa mai ƙarfi yana jibge shuni da yawa a bayan zaren lokaci guda, ya daskare manya-manya a waje, ba abin da ke riƙe shi. Ido zai ce ya yi, wanki zai ƙaryata. Ka zare silin zare daga zanenka ka yanke shi ka duba, tsakiyarsa fari fat. Gyaran shi ne ruwa matsakaici, ka tsoma minti 5 zuwa 10 kana murzawa a hankali a ƙarƙashin ruwa, ka matse a bakin karofi yadda ba zai ɗiga ya shigar da iska ba, ka buɗe duk ninkin ya sha iska kamar minti 15, har koren ya ɓace ƙaf. Sannan ka mayar. Shuɗi mai haske tsoma uku ya ishe shi, mai duhu sai takwas, goma, ko fiye. Kuma kada ka taɓa tsoma farin kanti ba ka wanke sitacinsa ba, ko ka tsoma shi a bushe, dabbare-dabbare zai fito.

Karofin ma ka riƙa gaishe shi kullum da safe. Ruwan ya yi santsi tsakanin yatsu, in kuma ɗaliban sun bar maka takardar gwaji ta pH, ta nuna 10 zuwa 11. In santsin ya ragu kuma warin ya koma na ruɓa, ƙara ruwan toka. In ruwan ƙasa ya koma shuɗi, iska ta shiga ko halittun sun ji yunwa: zuba baba, juya da muciya a hankali, rufe, ka bar shi ya huta kwana biyu. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu yana gaggauta shi, hunturu kuma yana sa shi nawa, don haka kada ka yi masa lissafi ɗaya duk shekara.

In da shunin kanti za ku gwada, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, to a ruwa lita 10 ku sa shuni giram 20, soda mai ƙuna giram 20, da hidro, wato garin da ke narkar da shuni a madadin halittun nan, giram 30. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba mata ruwa, kuma da safar hannu. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 50, hidro yana lalacewa.

Turkuɗi fa, za ka ce, ai shi ma yana zuba. Ƙwarai, amma da gangan. A mabuga ana ƙara masa garin shuni, a yi ta bugu har zaren ya baje, shunin ya kwanta sumul a sama. Shuni yana shanye jan haske, shi ya sa muke ganinsa shuɗi, amma in ya yi kauri ya yi sumul sai fuskarsa ta riƙa mayar da wani ɓangare na jan, ka ga ƙyalli irin na jan ƙarfe. Irin ƙyallin da kake gani a saman ruwan karofi ke nan. Buzaye wannan suke saya, har suna son ya shafe su a fuska. Mai sayen zanen ɗaurawa kuwa ba za ta yafe maka ba.

In ɗaliban sun dawo, ka ba su ƙyalle biyu daga karofi ɗaya, na tsoma ɗaya da na tsoma takwas. Ku goga kowanne da jiƙaƙƙen farin ƙyalle sau goma, sannan su yanki zaren su duba a madubin ɗakin gwajinsu mai ƙara girman ƙananan abubuwa, su nuna maka iya inda shunin ya ratsa.