Ejan ya sauya harafi ɗaya a lambar shasi, Yaya ya ce in yi shiru

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Amurka. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi Toyota Camry ƙirar 2015 a gwanjo, na loda ta daga Baltimo zuwa Legas da sunan Baba, wanda ke zaune a Agege, don ya huta da hawan motar haya zuwa asibiti. Mota ta iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Yayana ya haɗa ni da ƙanin matarsa, wai ejan ne, mai fito da kaya daga hannun kwastam. Ya turo mini hoton takardar da ya cike zai shigar wa kwastam, sai na ga lambar shasin ta saɓa da ta takardar mallakata da harafi ɗaya: inda tawa take da F, tasa C ce. Da na tambaya ya ce dabara ce ta rage kuɗin fito, kowa haka yake yi, in tura kuɗin asusunsa kawai. Yaya ya ce zaman waje ya sa mini tsoro, ina neman kunyata shi a gidan surukai. Ban biya ba tukuna, kuɗin ajiya kuma sai ƙaruwa yake yi. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Kada ka tura ko sisi a kan wannan takarda. Sa'ar da ka yi ita ce ba a biya ba, domin yanzu gyaran na biro ne, bayan an biya kuwa sai an yi zarya a ofisoshi.

Bari ka san abin da aka taɓa. Lambar shasi, wadda takardunku na can ke kira VIN, gurbi 17 gare ta, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma tun 1981 haka take a duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka. Babu harafin I, babu O, babu Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Gurbi ukun farko na maƙeri ne da ƙasar da aka haɗa motar, na farkon shi ke nuna ƙasar: 1, 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus. Camry ta masana'antar Toyota da ke Kentaki da 4T1 take farawa, Corolla ta Kanada 2T1, Accord ta Amurka 1HG. Na huɗu zuwa na takwas suna bayanin samfuri da jiki da inji. Na sha ɗaya masana'anta ce, shidan ƙarshe kuma lambar jerin motar. Saura biyu, na tara da na goma, su ne maganarka.

Gurbi na goma shekarar ƙira ce. A na nufin 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, sai a tsallake I a koma J 2018, K 2019, L 2020. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma 1 zuwa 9 aka yi amfani da su. Ka ga ke nan surukin Yayanka ya zabtare wa motar shekara uku da harafi ɗaya. Idan Camry ɗinka mai inji 2.5 ce ta Kentaki, lambar za ta fara kamar 4T1BF1FK, sai gurbi na tara, sai F, sai U. Harafin F ya fito har sau uku, saboda haka ka ɗora yatsa ka ƙirga a hankali, ka tabbatar na goman ne aka sauya.

Gurbi na tara shi ne wanda irin waɗannan ejan ba sa son a yi maganarsa. Ba ya bayanin komai game da motar, aikinsa gadin sauran. Kowane harafi yana da ƙimar alƙalami, kowane gurbi yana da nauyinsa. Ana ninka su, a tara, a raba da 11, abin da ya rage shi ake rubutawa a gurbi na tara, daga 0 zuwa 9, ko X idan goma ya rage. Ƙimar F shida ce, ta C uku, nauyin gurbi na goma kuwa tara. Sauya F da C ya rage 27 daga jimlar, kuma 11 ba ya raba 27 daidai, don haka lissafin ya rushe. Ba sai ka yi da hannu ba. Shiga shafin fassara lambar shasi na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta ne, ka zuba lambar takardar mallakarka, sannan ka zuba ta ejan. Ta farko za ta fito da Camry 2015. Ta biyu za ta nuna gurbi na tara bai yi daidai ba. Ɗauki hoton duka biyun ka ajiye, za su yi maka amfani wajen Yaya.

To me ya sa yake ganin zai wuce da ita? Tun 2022 kwastam a tashoshin Legas suka koma ƙiyasta kuɗin fiton mota da lambar shasi: a zuba lamba, kwamfuta ta fitar da samfuri da shekara da abin da za a biya. Wannan ya toshe cinikin da ake yi a da, har 'yan kiliyarin suka yi yajin aiki a farkon shekarar. An bar wata ƙofa domin motocin da kwamfutar ba ta iya karanta lambarsu, kamar wasu na Turai da ba sa amfani da gurbin gadi, ita ce 'yan tasha ke kira 846. A can mutum ne ke ƙiyastawa. Dabarar ita ce a lalata lafiyayyar lamba da gangan don mota ta faɗa wannan layi. Amma kamfanin jirgi ya riga ya miƙa wa kwastam jerin kayan da ya ɗauko da lambar gaskiya, kuma kafin mota ta bar tasha jami'i yana duba jikinta. Balle Camry, wadda a 2015 aka sauya mata fuska da fitilun baya gaba ɗaya. Yaron da ke wanke motoci a kasuwar motoci ta Berger ma daga nesa zai bambance ta da ta 2012.

Mun ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Wani lokaci a kama tun a tasha, a aiko da takardar neman cikon kuɗi, mota ta ƙara makonni tana cin kuɗin ajiya, ragin da aka yi wa kwaɗayi ya tafi har da riba. Wani lokaci ejan ya karɓi cikakken kuɗi, ya biya kaɗan, ya miƙo takardun da aka buga a shagon kwamfuta. Mafi muni shi ne ta fito lafiya. A yi murna, a yi addu'a, a sa lamba, bayan wata shida a kama hanyar gida da sallah, jami'an sintiri na kwastam su tare ta a hanyar Ibadan ko gaba da Ilori, su haska gilashi su dubi takarda. A wurinsu takardar da ke ɗauke da C ta wata mota ce daban, wannan mai F kuwa ba a biya mata fito ba. Sai a ja ta zuwa ofishin kwastam. A ranar wayar ejan a kashe take. Ko ba a tare ta ba, ranar sayarwa dillali zai gwada takarda da shasi ya karya farashi, kamfanin inshora ma ya samu hujjar ƙin biya idan an yi hatsari.

Ka kuma lura da sunan da ke kan takardar lodi. Sunan Baba ne. A idon doka shi ne mai shigo da kaya, kuma bayanin ƙarya ga kwastam laifi ne a dokar hukumar ta 2023. Dattijon da ka sayi mota don ya huta, shi za a nema ya yi bayani.

Ga abin yi. Kafin komai, tabbatar ƙarfen motar ya dace da takardarka, tunda daga gwanjo ta fito. Samu mutum naka wanda ba ya cin komai a hannun ejan, makanike ya fi, ya shiga ranar duba kaya ya ɗauko maka hotuna. Wuri na farko ƙasan gilashin gaba ne ta ɓangaren direba, ana karantawa daga waje, ƙaramin faranti ne da aka kafe da ƙusoshi biyu. Na biyu takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, wadda ke ɗauke da lambar da watan da aka haɗa motar. Na uku lambar da aka buga a jikin ƙarfe, a Toyota da yawa tana ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, akwai ɗan yanka a kafet da ake ɗagawa, wasu motocin kuma a bangon bayan inji. Motocin Amurka da dama suna da ƙananan takardu masu lambar a bonet da but da ƙofofi. Idan ɗaya ta bambanta, yawanci an sauya wannan ɓangaren ne bayan hatsari, ba abin tashin hankali ba ne. Abin tsoro shi ne faranti a lanƙwashe, ƙusoshi sababbi, takardar ginshiƙi da alamar an ɓare an sake mannawa, ko walda da sabon fenti kewaye da lambar ƙarfe. Bayan ta fito, mai na'urar gwajin mota zai jona ta a ramin da ke ƙasan sitiyari ya karanto lambar da ke ƙwaƙwalwar injin. Ita ma ta dace da sauran.

Wani abu game da takardar ginshiƙi: kana iya ganin 09/14 ko 10/14 a motar 2015, domin ana fara haɗa ƙirar sabuwar shekara tun kafin tsohuwar ta ƙare. Ejan na iya kafa hujja da wannan ya ce ai 2014 ce. Harafi na goma ake bi.

Daga inda kake, zuba lambar a shafin NICB, ƙungiyar yaƙi da damfarar inshora ta Amurka, kyauta ne, zai nuna ko an taɓa kai rahoton sata ko inshora ta ayyana motar a matsayin wadda ta lalace gaba ɗaya. Shafin Carfax na kuɗi ne, amma yana ba da tarihin hatsari da nisan tafiya. Tunda kwastam na Amurka ba sa barin mota ta bar ƙasar sai an gabatar da takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin fitar da ita, da wuya a samu matsala ta nan, sai dai dubawar ba ta cin minti goma.

Sannan ka jera takardu uku: ta mallaka, ta lodi, da wadda ejan ya cike. Karanta gurbi-gurbi da ƙarfi, wani yana bin ka da ido. Ana yin kuskuren gaskiya, 5 da S, 8 da B, 2 da Z, 0 da D. Idan a takardar lodi kuskuren yake, wanda ya loda maka a Baltimo zai nemi kamfanin jirgi ya gyara, kuma a gyara kafin a shigar da bayani. Naka ba wannan ba ne, tunda mutumin da bakinsa ya ce dabara ce.

Shawarata ka karɓe aikin daga hannunsa. Wanda ya fara da sauya harafi, ba ka san me zai sauya gobe ba. Nemi kamfani mai lasisin kwastam da ofishin da za a iya zuwa a zauna, domin da yawa daga masu yawo a bakin tasha aron lasisin wani suke yi. Idan an riga an shigar da bayanin, sabon ejan ya rubuta wa ofishin kwastam na tashar a gyara. Kuɗin fito a banki ake biya a kan takardar ƙiyasi, ba a asusun mutum ba. Ladan ejan daban, kuɗin tasha da na kamfanin jirgi daban, kowanne da rasiɗinsa. Idan ta fito, a ba ka takardar bayanin kaya mai lambar da ake kira C-namba, da rasiɗin banki, da takardar fita. Da wannan lamba da shekarar biya da sunan tashar ake zuwa ofishin kwastam a tantance. Kuɗin ajiyar da ke ƙaruwa kada ya firgita ka, da shi ake matsa wa mutanen waje su tura kuɗi ido rufe. Na kwana uku ko huɗu bai kai kuɗin mota ba.

Maganar Yaya kuma, a nan ina bayanka. Yaya babba ne, girmansa yana nan, ba za ka ɗaga masa murya ba. Amma ba shi ya tsaya aikin dare cikin sanyi ya tara dalolin nan ba, ba kuma sunansa ke kan takarda ba. Mutanenmu na gida sun saba ɗaukar ɗan ci-rani kamar rijiyar da ba ta ƙafewa, idan ya nemi rasiɗi a ce ya zama Bature. Neman rasiɗi ba raini ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, tsakanin musulmi 'yan'uwan juna. Kunyar da Yaya ke gudu a gidan surukai ƙarama ce a kan wadda zai sha ranar da aka ƙwace motar mahaifinsa saboda aikin ƙanin matarsa. Shi ma ya kamata ya tambayi kansa: ragin da aka ce za a samu, aljihun wa zai shiga, tunda ba a nuna maka takardar ƙiyasi ba, jimla kawai aka faɗa maka?

Kira shi kai da shi, ba a zauren iyali na WhatsApp ba, kada matarsa ta ji a bakin wasu. Tura masa hotunan nan biyu. Ka ce, "Yaya, ba zargin kowa nake yi ba, sunan Baba nake karewa." Ka biya surukin ladan zirga-zirgar da ya riga ya yi, a rabu ba tare da tsegumi ba, amma sai takardar lodi da ta mallaka na asali sun dawo hannunku tukuna, domin wasu kan riƙe su su yi garkuwa da su. Idan Yaya ya kafe, sanar da Baba ko wani kawu da yake jin nauyinsa, cikin ladabi, da hujjarka a hannu.

Idan mota ta fito, kada a yi gaggawar kai ta wurin gyara ko fenti a kasuwar kayan mota ta Ladipo sai an ɗauki hoton duk wuraren lambar. Wajen yin rajista a sake karanta gurbi 17 ɗin a kan takardar mota da ta inshora kafin a bar ofis, don masu bugawa ma suna kuskure. Takardun kwastam na asali su zauna a gida wurin Baba, kwafi a mota, hotonsu kuma a wayarka.