Kirfa da ciwon suga: ki fara duba wace iri Mama take sha

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an ba ta shawarar shan cokalin garin kirfa safe da yamma saboda ciwon suga, kina tambaya ko babu illa. Na daɗe ina haɗa kayan shayi ina sayarwa, bari in faɗa miki abin da na sani.

Kirfa iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta Sri Lanka, wadda ake kankare ɓawon reshen a ɓare na ciki siriri, a naɗe shi falle a kan falle. Launinta na da haske, kina matsa ta da yatsa za ta ruguje, ƙamshinta mai laushi ne. Sai ta Sin da Indonesiya da Biyetnam, ɓawo ɗaya mai kauri, ja-ja mai duhu, sai an sa turmi ake daka ta, tana da ɗan yaji a harshe. Mafi yawan wadda nake gani wajen masu kayan ƙamshi wannan mai kaurin ce, don ta fi araha.

To ita mai kaurin tana da wani sinadari, kumarin, wanda yake wahalar da hanta idan ya yi yawa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligram 0.1 a kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60 ke nan kada ya wuce miligram 6, kuma ƙaramin cokali ɗaya na garinta yana iya kai wannan ko ya zarce. Ki lissafa safe da yamma, kullum, ga dattijuwa mai shan wasu magunguna. Gaskiya ni ba zan ba mahaifiyata haka ba. Ta Sri Lanka kuwa kumarin ɗinta ƙalilan ne ƙwarai.

Batun suga, wani bincike da aka yi a Pakistan a 2003 kan mutum 60 ya nuna suga ya sauka ga masu shan kirfa, shi ya sa maganar ta bazu. Amma da aka haɗa bincike da dama aka duba a 2012, ba a samu hujja isasshiya ba. Don Allah kada Mama ta ajiye maganin asibiti, kuma ki gaya wa likitanta.

Ba kushe kirfa nake yi ba, ina son ta sosai. Tun zamanin Fir'auna Misirawa suke sa ta cikin kayan adana gawa, kuma saboda ita Turawan Fotugal suka kafu a Sri Lanka bayan zuwansu a 1505, 'yan Holan suka kore su a 1658, Ingilishi suka karɓe a 1796. Mutanen zamanin da suna shan ta don kumburin ciki, sanyi da ciwon mara.

Ni ɗan gutsure nake jefawa a tukunyar shayi da citta da kanumfari, ya tafasa minti biyar. A shinkafa kuma ina soya sandar da albasa cikin mai kafin in zuba ruwa. Idan za ki saya wa Mama, ki sayi sanda ki daka da kanki, domin in an riga an niƙa ba za ki gane wace iri ba ce.