Tambaya da Amsa: Ta Yaya Aka San Tarihin Daular Khmer?

Tambaya: Malam, na ga hotunan Angkor Wat na ƙasar Kambodiya, an ce kuma littattafan waɗanda suka gina shi duk sun ɓace. To, daga ina masana suka samo labarin sarakunansu da rayuwar mutanensu? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, gaskiya aka faɗa miki. Mutanen Khmer, waɗanda suka gina wannan gidan bauta na Angkor Wat, sun yi rubutu a fatu da ganyen wata bishiya dangin giginya, amma damshi da gara sun cinye su tuni. Abin da ya tsira shi ne wanda aka sassaƙa a dutse, wato rubuce-rubuce sama da 1,000 a ƙofofi da ginshiƙan gidajen bauta. Na Sanskrit, tsohon harshen Indiya, yawanci kirarin sarakuna ne da abubuwan bautarsu, na tsohuwar Khmer kuwa lissafi ne na gonaki da bayi da shanu da shinkafa, kuma a ganina wannan lissafin ya fi kirarin amfani. Dutsen gidan bauta na Ta Prohm na shekarar 1186, zamanin Sarki Jayavarman na Bakwai, ya lissafa mutum 12,640 masu yi wa wannan gida ɗaya hidima, ya kuma ambaci asibitoci 102 a faɗin daular. Bafaranshe George Coedès ya ƙarar da rayuwarsa wajen karanta irin waɗannan duwatsu da jera sarakunan bi da bi.

Sai dai dutse ma yana da son zuciya. Labarin cewa Jayavarman na Biyu ya kafa daular a shekarar 802 a kan tsaunin Kulen ya fito ne daga rubutun dutsen gidan bauta na Sdok Kok Thom, wanda wani gidan malaman fada ya sa aka sassaƙa bayan shekara kusan 250, domin tabbatar da matsayinsa da filayensa. Saboda haka masana ba sa karɓar irin wannan magana sai sun nemo mata shaida ta biyu.

Talaka kuwa ba ya cikin kirari. Yawancin abin da aka sani game da shi ya zo ne daga Zhou Daguan, ɗan tawagar Sarkin Sin wanda ya zauna a Angkor, babban birnin daular, daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa mata ne ke riƙe da kasuwa, gidajen talakawa jinka ne, ana kuma girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara. Bangon gidan bauta na Bayon da ke Angkor ya ƙara haske, domin a ƙasan zanen yaƙe-yaƙe an sassaƙa masu sayar da kifi, da 'yan caca sun kewaye zakaru biyu suna faɗa, da masu girki a gaban tukwane.

Da yake har fadar sarki da katako aka gina ta, birnin kansa ya shige ƙarƙashin daji. A shekarar 2012 Damian Evans da abokan aikinsa suka ɗora na'urar hasken leza a jirgi mai saukar ungulu, wadda haskenta ke ratsa tsakanin ganyaye ya auna tudu da kwarin ƙasa, sai ga tituna da tafkuna da tuddan gidaje sun bayyana. Har ma taswirar wani tsohon birni ta fito a kan Kulen, abin da ya ƙarfafa labarin dutsen Sdok Kok Thom.

Game da faɗuwar daular, a da ana jingina komai ga harin da masarautar Ayutthaya (a ƙasar Thailand ta yau) ta kai a 1431. Binciken zoben shekaru na cikin tsofaffin itatuwa a Vietnam ya nuna cewa an yi dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, da mamakon ruwa a tsakani, kuma tono ya gano magudanai da suka fashe ko yashi ya toshe su. Angkor Wat kansa bai taɓa zama kango ba, domin malaman addinin Buddha sun ci gaba da zama a cikinsa, sun kuma bar nasu rubutun a ginshiƙansa a ƙarni na 16 da na 17.