Wane abin bara zan saya don koyon farauta da baka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata shida a jihar Wiskonsin ta Amurka. Wani abokin aikina ya kwaɗaita mini farautar barewa, har na sayi bakan nan na zamani mai 'yan tayoyi a kai da gindi, nauyin jansa laba 60. Na je shago sayen abin da zan riƙa harbi a bayan gida, sai na tarar da iri-iri: ga buhu, ga dunƙulen soso, ga mutum-mutumin barewa sukutum, kuɗinsu kuma ya sha bamban. Wanne zan ɗauka? Tsakiyar Satumba ake buɗe farautar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka faɗa gidan abin, domin Wiskonsin ce jihar da ta fara ware wa masu baka lokacin farautar barewa nasu na kansu a Amurka, tun 1934. To, kafin ka dubi farashi, zaro kibiya ɗaya daga kwarinka ka dubi kanta. Nan amsar take.

Kai iri biyu za ka riƙa ɗaura wa kibiya. Akwai kan atisaye, wanda yake sumul kamar bakin harsashi, huda kawai yake yi. Akwai kan farauta mai reza biyu, uku ko huɗu, wanda aikinsa yanka ne.  Abin da zai tare na farko sau dubbai bai gaji ba, na biyun zai yi masa kaca-kaca cikin mako guda. Shi ya sa nake ce wa duk mai farawa ya cire rai daga samun abu ɗaya da zai yi masa komai. Biyu za ka saya, kuma na farkon buhu ne.

Buhun, irin Yellow Jacket na kamfanin Morrell, cike yake da zare da yayin roba da aka danƙara. Kibiya na shiga, cikin ya ɗan ja da baya ya shanye ƙarfinta. Daɗinsa shi ne da yatsu biyu za ka zare ta. Kada ka raina wannan. Wanda yake kokawa da kowace kibiya kafin ta fito, a harbi na ashirin kafaɗarsa ta gaji, gobe kuma ƙyuya ta hana shi fitowa. Fuskar buhu tana da faɗi, abin da ɗan koyo yake bukata, ga araha. Aibinsa nauyi, musamman in ya sha ruwan sama, sannan ba ya jituwa da reza ko kaɗan. Na taɓa yin gangancin nan a shekarata ta farko: na ce bari in gwada sau ɗaya tak. Rezar ta shige ta sarƙe da zaren ciki, ja baya ya gagara, sai da na farke buhun da wuƙa na zura hannu ina lalube, ina addu'ar kada in bar yatsa a ciki.

In aljihu ya yi sanyi, buhun ma kai za ka haɗa abinka. Samu buhun hatsi mai kauri, ka cika shi da tsummokara da leda, ka cire zif da maɓallai tukuna don kada su kankare maka kibiya, ka kirɓa shi da taɓarya ko wani gungume har ya ƙi karɓar ƙari, ka ɗinke. Zai yi maka aiki ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne damin ciyawar dawaki: kibiyar bakan laba 60 ratsa shi take yi ta wuce abinta.

Na biyu soso ne, don kan farauta. Shi ma kashi biyu ne. Akwai mai falle-falle, irin Block, wanda aka jera siraran soso aka matse. Kibiya tana kutsawa tsakaninsu, gogayya ta tsayar da ita. Zarewa ba wuya, amma reza tana yanka fallen, bayan wani lokaci za ka ga ɓarɓashi yana biyo kibiya waje, tsakiyar ta yi laushi. Akwai kuma dunƙulalle wanda ramin yake komawa ya haɗe in an zare, irin Rinehart 18-1 mai fuska 18, wanda a nan jiharku ake yin sa, a garin Janesville. Ni shi na fi so wa reza, don in fuska ɗaya ta gaji sai ka mirgina shi, kuma ba shi da girman da zai hana ka jefa shi a but ɗin mota ranar fita. Sai dai sabonsa akwai riƙo. Zafin gogayya yakan narkar da ɗan soso ya manne a jikin kibiya, in sanyin Nuwamba ya shigo kuwa ya ƙara tauri. Goga sabulun wanka busasshe a inci huɗu na gaban kibiyar, ka sayi ɗan robar nan da ake kama ta da shi, ka ja a miƙe, kuma ka tabbata babu mai tsayuwa a bayanka.

Me ya sa sai ka gwada rezar? Saboda rezar kamar fukafukai take a gaban kibiya, iska tana kama ta. In saitin bakan ya ɗan karkace, kan atisaye zai rufa maka asiri, ka ga kibau sun taru a tsakiya ka yi ta murna. Ɗaura reza mai nauyi iri ɗaya, ka koma yadi 30, sai ka ga ta sauka taƙi guda gefe. Gara ka gano haka a soso. Ware kai ɗaya ko biyu na gwaji kawai, ka yi musu alama. Wanda ya taɓa shiga soso ya dakushe, ba ya zuwa daji sai an wasa shi ko an sauya masa reza.

Game da lambar gudu da ake rubutawa a jikin abin bara, kada ta ruɗe ka. Gudun da kamfani ya rubuta wa bakanka an auna shi ne da jan laba 70, tsawon ja inci 30 da kibiya marar nauyi, don haka naka zai gaza wannan sosai, kusan kowane na kirki zai tare shi. Masu baka mai kunama irin ta bindiga, wanda yakan wuce ƙafa 400 a daƙiƙa, su ne ke bukatar na musamman. In abokinka irinsa yake riƙewa, kada ka ba shi aron buhunka.

Saura mutum-mutumin barewa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Maharbanmu na gida kibiyar kyauro suke harbawa, da dafi a kanta. Ko a cinya ta samu gada, dafin zai ƙarasa aikin, saura bin sawu. A inda kake dafi haramun ne a doka. Zubar jini ne kaɗai ke kashe dabbar, don haka dole rezar ta ratsa huhu ko zuciya, wurin da bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, a bayan ƙafar gaba. Ka same ta a tumbi, ka azabtar da baiwar Allah, ta tafi ta mutu inda ba za ka gan ta ba. Barewa kuwa ba ta yawo da ɗigon fenti a haƙarƙari. Wanda ya saba da baƙin ɗigo a farin buhu, ranar da ya ga jiki ruwan ƙasa bai ɗaya, dabbar gaba ɗaya yake auna wa, a nan ake kuskure. Mutum-mutumin yana koya wa ido ya zaɓi wuri ɗaya a jikin da ba alama.

Yana kuma koya maka kwana. Juya shi ya ɗan ba ka baya, yadda barewa mai tafiya take yi: yanzu mashigar ta koma baya, wajen ƙarshen haƙarƙari, kana auna ƙafar gaba ta ɗaya gefen, inda kibiya za ta fita. In a kan bishiya za ka yi kwanto, kamar yawancin mafarautan yankinku, hau wani wuri mai tudu ka harbo shi daga sama, kana lanƙwasawa daga ƙugu. Zobban da aka zana a jikinsa na gasa ne, na ƙirga maki. Da zarar ka juya shi sun daina nuna inda huhu yake, ka yi watsi da su. In za ka saya, nemi wanda ake cire ƙirjin a sa sabo, irin GlenDel Buck. Amma a ganina shi ne sayayya ta uku. Bana yanko siffar barewa a kwali ka manna a buhu, sannan ka je filin wata ƙungiyar maharba da ke jera irin waɗannan a cikin itatuwa, ka biya kuɗin shiga sau biyu ko uku kafin Satumba.

Da ka ce bayan gida, tambayi hukumar garinku tukuna, don garuruwa da yawa sun hana harba kibiya a cikin unguwa. In an yarda, sa abin tarewa a baya, kamar tabarmar roba mai kaurin nan ta ɗakin dawaki a rataye, kuma kada bayan ya kalli gidan maƙwabci. Kowace kibiya da nata ɗigon, in ba haka ba ɗaya za ta fasa ɗaya. Wadda ta bugi wani abu mai tauri, lanƙwasa ta kusa da kunne, in ka ji ƙas, jefar da ita. Ka rufe soso da buhu daga rana, ita ma tana cinye su. Ranar da ka ga kibiya ta nutse har gashinta, wannan fuskar ta gama aiki.

Daga yanzu zuwa Agusta, buhu da kan atisaye, yadi 20 sannan 30. Makonni uku na ƙarshe ka koma soso: kibiya ɗaya tak da sassafe, da reza, sanye da rigar da za ka shiga daji da ita, ba tare da ɗumama hannu ba. Nisan da wannan kibiya ɗaya take faɗawa cikin faranti kullum, iyakarka ke nan a bana. Allah ya ba da sa'a.