Sun sake shi, amma babur da waya suna caji ofis

Tambaya: Barista, 'yan sanda sun yi samame a unguwarmu suka kama ƙanena, suka karɓe babur ɗinsa da waya. Bayan kwana uku suka sake shi, ba a kai shi kotu ba. Yau wata biyu ke nan, kullum muka je sai a ce mai binciken ya fita aiki, mu dawo gobe. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, ku daina zaryar nan hannu rabbana. Maganar baki a bakin kanta ba ta barin sawu, takarda ce ke bari.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi bayani a sashe na 10. Dole ɗan sandan da ya yi kamu ya rubuta duk abin da ya karɓa, shi da wanda aka kama su sa hannu, a ba mutum ko lauyansa kwafi. In aka saki mutum saboda babu hujjar tuhumarsa, sai a mayar masa da kayansa, muddin ba na sata ba ne kuma ba su da alaƙa da laifi. Wannan dokar tarayya ce, amma jihohi sun yi tasu mai kama da ita, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Ka tambayi ƙanenka ko an ba shi wannan takardar. Na san da wuya. Ko babu ita, ku haɗa rasit da takardun babur, da kwalin wayar mai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Shi ƙanenka, tunda shi ne mai kaya, ya rubuta wa DPO wasiƙa: ranar kamu, sunan mai bincike, lambar injin babur. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya. Wannan hatimin ne ke tayar da fayil daga barci.

In suka ce kayan shaida ne, bincike bai ƙare ba, tsarin mulki ya yarda su riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike. Amma ku nemi a ba ku babur ɗin bisa alkawarin kawo shi duk ranar da aka buƙata, doka ta ba da wannan dama. Wanda ya taɓa leƙa bayan caji ofis ya ga babura jere a rana, tayoyi sun sace, batir ya yi ƙafa. Gaggawa ta fi a nan.

Kuɗin "goro" kuwa, kada ku ba da ko sisi, babu shi a doka.

In mako biyu ya wuce shiru, ku kai koke ofishin Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da kwafin mai hatimi. Daga nan sai babbar kotu, lauya ya nemi umarnin sakin kaya da diyya. In ba halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid na jiharku, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta.